RA'AYINMU: Sunan mota kaɗai ba ya kai fasinja gida

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar direbobi ta tashar Wadata a birnin Yamai, ko a bakin garejin wani bakanike a Maraɗi, ko a fadar matasa masu shan shayi a Damagaram, ya san akwai wata gardama da ba ta tsufa, wato gardamar wace mota ce ta fi ƙarko. Haka abin yake a gidajen rediyonmu na karkara, ranar da aka buɗe layin waya a kan maganar motoci, sai lokacin shiri ya ƙare masu kira ba su ƙare ba. Kowa da gwanarsa, kowa kuma da hujjar da yake jin babu mai iya ture ta.

Mafi rinjaye a yau su ne magoya bayan Toyota, waɗanda ke cewa motarsu ba ta mutuwa sai dai ta suma, kuma ko a wane ƙauye ta tsaya za a sami mai tashe ta. Dattawan direbobi kuwa har gobe ba su yarda an yi mota kamar Peugeot 504 ba, wadda muke kira Fijo. Manyan ƴan kasuwa suna rantsuwa da Mercedes, Marsandi ke nan a bakinmu, suna cewa tsadar gyara gare ta amma idan an gyara an gyara ke nan. Direbobin da ke zirga-zirga tsakanin garuruwanmu na kudu da Katsina ko Kano da yawansu sun saba da motocin Volkswagen, suna yaba musu wajen gudu da ƙarancin shan mai. Ana yaba wa Honda daɗin tuƙi, ana kushe ta da cewa cikinta ya yi ƙasa da yawa, ƴar birni ce. Hyundai da Kia ana ce musu na mai ƙaramin ƙarfi, su kuma motocin Sin da suka fara shigowa, jama'a na kallonsu da gefen ido, ana jiran a ga kamun ludayinsu.

Mu a ganinmu wannan gardama tana da amfani, domin ilimi ne da aka tara da gumi da asara, ba a aji aka koye shi ba. Sai dai akwai inda ta gaza, kuma gazawar tana cin dukiyar mutane, wani lokaci har da rayukansu. Mun mayar da sunan da ke manne a goshin mota tamkar laya, muna jin da zarar an ce wance ce, to magana ta ƙare. Alhali ƙarkon mota a ƙasa irin tamu abu ne da ake haɗawa daga wurare da yawa: shekarunta da wahalar da ta sha kafin ta iso hannunmu, samuwar kayan gyaranta da wanda ya iya gyaran, man da muke zuba mata, da kayan da muke ɗora mata. Suna ɗaya ne kawai daga cikin waɗannan, kuma ba lallai ba ne ya zama babbansu.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a ba kowa haƙƙinsa. Dattawan da ke begen 504 ba don son tsohon zamani kawai suke yi ba. Motar ta fito a shekarar 1968, tana tura kanta da tayoyin baya, ƙafafunta suna da tsawo da laushin da ke shanye ramuka da gargada, injinta kuma a buɗe yake, mai sukuddireba da sifana biyu zai iya kwance shi a gindin bishiya. A 1975 ta lashe gasar tseren Safari ta gabashin Afirka, kuma a wannan shekara ce aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Wannan shi ya sa kayan gyaranta suka cika kasuwanninmu kamar gero a kaka. Kafin ita ma akwai yayarta 404 wadda ta fito a 1960, wadda a-kori-kurarta ta yi shekaru tana ɗaukar buhunan gyaɗa da wake da ƴan cin kasuwar ƙauye.

To me ya kawar da Fijo daga kan gadon sarauta? Abubuwa ne suka taru. Sababbin samfuran kamfanin da suka biyo bayan 505, irin su 405 da 406 da 307, an tsara su ne da hanyoyin Turai a zuciya, suna jan kansu da tayoyin gaba, wayoyin lantarki sun yi musu yawa, zafi da ƙurarmu ba su ƙyale su ba. Sa'annan a watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, dare ɗaya duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa. Jama'a suka koma ga tsofaffin motocin da jiragen ruwa ke saukewa a Kotonu da Lome, a cikinsu kuwa ƙananan motocin Japan irin su Corolla da Starlet suka fi dacewa da aljihu saboda ba su shan mai. Cikin ƴan shekaru suka mamaye aikin tasi a Yamai, ita kuma Hiace ta karɓe jigilar fasinja tsakanin garuruwa.

A arewacin ƙasa kuwa, hamada ce ta yi alƙalanci. Mai tafiya daga Agadas zuwa Dirku, tafiyar da ta haura kilomita 600 cikin rairayi, ba ya gwada sa'a da motar da bai amince da ita ba, domin lalacewar mota a can tana iya zama ajali. Land Cruiser samfurin 70, wadda ta fito a 1984 kuma har yanzu ana ƙera ta, ta sami sunanta ne a irin waɗannan wurare, musamman mai injin gas ɗin nan mai silinda shida da ake kira 1HZ, wanda famfon mansa ba ya jiran umarnin kwamfuta. Maƙwabtanmu na Cadi ma sun shaida, domin a 1987 da ƙananan motocin Toyota buɗaɗɗu sojojinsu suka fatattaki tankokin yaƙin Libiya a Fada da Wadi Dum, har duniya ta laƙaba wa wannan faɗa sunan kamfanin. Haka nan motar da aka sayar da fiye da miliyan 50 nata a duniya, kamar yadda Corolla ta kai a 2021 tun fitowarta a 1966, ba za a ce sa'a ce kawai ta kai ta ba. Duk wannan gaskiya ne, ba mu musanta ko ɗaya.

Amma mu duba yadda suna ke ginuwa a ƙasarmu. Idan wani samfuri ya yi yawa a kan hanya, ɗan kasuwa zai cika shagonsa da kayan gyaransa tunda su ke tafiya. Idan kayan gyara suka wadata, yaran gareji a kansa za su koyi aiki. Idan masu gyara suka yawaita, motar da ta lalace da hantsi a Dogon Dutsi za ta kama hanya kafin la'asar, fasinjoji su isa Ƙonni suna cewa wannan mota akwai ƙwari. Wata kuma wadda wataƙila sau ɗaya ta tsaya a shekara, sai ta yi mako uku a gareji tana jiran ɗan ƙaramin ƙarfe daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko daga Lome, duk mai wucewa ya gan ta a kan duwatsu, ya tafi yana ba da labari cewa irin wannan ba ta da ƙarko. Ashe ke nan abin da muke aunawa sau da yawa saurin gyara ne. Wannan ma dalili ne mai ƙarfi na zaɓen mota, kuma duk mai hankali zai yi la'akari da shi, amma ya kamata a kira shi da sunansa, domin ranar da kayan gyaran suka yanke, kamar yadda na 504 suka yi ta raguwa, sunan ba zai tashi motar ba.

Akwai kuma wani kuskuren lissafi da muke yi. Muna nuna tsohuwar tasi mai shekara 30 da ke yawo a gari mu ce ku dubi ƙarko, amma ba mu ƙirga ƴan uwanta da aka sauke tare da ita daga jirgi ɗaya, waɗanda tuni aka yanka su aka sayar da ƙarfensu a kan sikeli, ko suke kwance a bayan gareji awaki na kwana a ciki. Kuma idan aka buɗe waccan mai yawon, sau da yawa za a tarar injinta na uku ne, giyarta ta wata mota ce, ƙofofinta ma kowace da asalinta. Abin da ya rayu shekara 30 shi ne haƙurin mai ita da basirar bakanikensa.

Bugu da ƙari, a duniyar yau sunan da ke goshin mota ba koyaushe yake faɗin wanda ya ƙera ta ba. Toyota ta daina yin Starlet ɗin da muka sani tun 1999. Wadda ta dawo kasuwannin Afirka da wannan suna a 2020, motar Suzuki ce mai suna Baleno, a Indiya ake ƙera ta, tambari kawai aka sauya. Pontiac Vibe da wasu ke gudu saboda sunanta na Amurka ne, tagwaye suke da Toyota Matrix, inji ɗaya, giya ɗaya. Toyota Aygo da Peugeot 107 da Citroën C1 kuwa daga masana'anta guda suka riƙa fitowa a ƙasar Cek tun daga 2005. Sai ka ga an jera biyu daga cikinsu a filin dillalai, mai saye ya ƙara kuɗi masu yawa a kan ɗaya, ya tsallake ɗayar yana cewa shi ba ya sayen motar Faransa. Wannan kuɗi tambari ya saya da shi.

Kuma babu kamfanin da ba ya tuntuɓe. A tsakanin 2009 da 2010, Toyota da kanta ta kira miliyoyin motoci a dawo da su don gyaran matsalar totur. A 2015 aka gano Volkswagen ta sa wa motocinta masu shan gas kimanin miliyan 11 wata dabara ta ɓoye yawan gubar hayaƙinsu. Mafi muni shi ne na jakar iskar nan da ke fitowa daga sitiyari don kare direba a lokacin haɗari, wadda kamfanin Takata na Japan ya sayar wa Honda da Toyota da Nissan da BMW da wasu da dama. An gano cewa sinadarin da ke hura ta yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima, har ta fashe ta watsa wa direba gutsattsarin ƙarfe. Mutane sun mutu, an kira motoci miliyoyi barkatai, kamfanin ya durƙushe a 2017. A Turai da Amurka wasiƙa ake aika wa mai mota ya kawo a canza masa kyauta. Wadda ta riga ta hau jirgi ta zo nan fa, wa zai aiko wa mai ita wasiƙa a Tasawa ko a Madawa? Tana nan tana yawo cikin ranarmu da sunanta mai kyau.

Wannan ya kawo mu ga babbar magana, wato shekaru. A watan Oktoba na 2020, hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Masu binciken gwamnatin Holan ma sun duba motocin da ake lodi daga ƙasarsu zuwa nahiyarmu, suka tarar akasarinsu sun kai shekara 16 zuwa 20, kuma mafi yawa ba su da takardar shaidar lafiya da za ta ba su damar hawa titi a can. Wasu an cire musu jakar iska, wasu an yanke abin tace hayaƙi da ke cikin salansa an sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinsa. A taƙaice, abin da dokarsu ta hana shi yawo a garuruwansu, shi ne ake wankewa a shafa masa mai a kawo mana, mu kuma mu ɗaura masa kyalle mu yi walima.

Duk wanda ya san harkar ya san sauran. Akwai wadda gishirin da ake watsawa a titunan ƙasashen ƙanƙara ya cinye cikinta da tsatsa, aka fesa baƙin fenti aka rufe. Akwai wadda ambaliya ta nutsar ko ta yi mummunan haɗari a Amurka, kamfanin inshora ya yi gwanjonta a matsayin gawa, aka miƙe ta a wani gareji na bakin teku. Akwai wadda aka mayar da agogon kilomitarta baya, ta yi tafiyar duniya amma tana nuna kamar jiya ta bar shago. Bayan haka sai ta yi tafiyar fiye da kilomita 1000 daga tashar jirgin ruwa zuwa nan a hannun direban da ake biya kan yawan zuwa, ba kan lafiyar mota ba. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru, kuma idan kuɗin kawowa ya ƙaru, dillali yakan nemi mafi araha a can domin ya fita. Babu sunan da zai iya goge irin wannan tarihi daga jikin mota.

Idan ta iso kuma, sai mu ɗora namu. Bari mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mutum zai tara miliyoyin sefa ya sayi mota, amma ya riƙa ƙyashin kuɗin juye, sai baƙin mai ya koma kamar kwalta. Wani kuma a kwalba yake sayen man inji a bakin hanya, bai san asalinsa ba. Ruwan rijiya mai kanwa muke ɗurawa a lagireto har ya toshe, sa'annan idan inji ya fara zafi a bazara, lokacin da rana ke haura digiri 45, sai a cire ɗan ƙarfen da ke daidaita zafinsa a jefar, a ce ai na ƙasar sanyi ne. Ƙurar hunturu tana cika filtar iska, sai a kaɗe ta a jikin taya a mayar. Shekara da shekaru mun sha man ƴan ruwa-ruwa saboda araharsa, da duk abin da ke cikin jarkar, kuma ko da yake matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki tun 2011, sa'annan janye tallafin mai da Najeriya ta yi a watan Mayu na 2023 ya sauya lissafin wannan sana'a, ɗabi'ar zuba wa mota duk abin da aka samu ba ta bar mu ba.

Sai lodi. Motar da aka ƙera don mutum 14 ko 15, mu 19 muke zubawa, a ɗora buhuna da babur da tumaki a sama har tsawon kayan ya kusa kai na motar. A-kori-kurar da aka rubuta mata tan ɗaya sai a ƙara mata bugun ƙarfe a baya a ɗora mata biyu. Idan ta jure, a ce ka ga ƙarko. Amma birkinta ba a ƙara masa ƙarfi ba, tayoyinta kuma na gwanjo ne da suka ƙare aiki a wata ƙasa. Nan ne kyakkyawan suna ke zama tarko, domin amincewar da direba ya yi wa motarsa ita ke sa shi yin abin da ba zai kuskura ya yi da wata ba. Masu iya magana sun ce ganin ido ba ya hana cin kai. Hukumar lafiya ta duniya ta bayyana cewa yankin Afirka na da kashi 3 cikin 100 kacal na motocin duniya, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda ke mutuwa a haɗarin hanya a nan suke mutuwa. Duk mai bin babbar hanyarmu ta ɗaya, daga Yamai zuwa Doso, Ƙonni, Maraɗi har Damagaram, ya ga gawarwakin motoci a gefen titi, kuma da yawansu masu sunan nan ne da ake rantsuwa da shi.

Haka nan maganar kayan gyara na jabu. Saboda samfurin da ya fi yawa shi ya fi kasuwa, shi ne kuma ƴan damfara suka fi kwaikwayon kayansa. Kwali ɗaya, tambari ɗaya, amma abin da ke ciki ba ya kai wata uku. Mai shago zai tambaye ka, na asali kake so ko mai bi masa ko na talaka, kuma babu wata hukuma da ta gwada ko ɗaya daga ciki. Idan abin ado ne da sauƙi. Idan kayan birki ne ko na sitiyari, ran mutane ne a ciki.

Akwai kuma abin da ke tafe wanda ya kamata ya hana shugabanni barci. Duk sunan da waɗannan motoci suka yi, sun yi shi ne a zamanin kafireto da famfon hannu, lokacin da bakanike ke gane ciwon inji da kunnensa. Wancan zamani yana ƙarewa. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci na'urar da ke bayyana ciwonsu ta kwamfuta, Turai ta bi sahu a farkon shekarun 2000. Ma'ana, hatta tsofaffin da ke iso mana yanzu masu kwamfuta ne. Sababbin injinan gas suna da nozul masu laushi da ba su yafe ƙazamin mai, akwai masu haɗa fetur da batir, ga kuma ƙasar Sin wadda a 2023 ta zarce Japan wajen fitar da motoci zuwa ƙasashen waje, tana turo nata iri-iri. Bakaniken da bai iya karatu ba, komai ƙwarewarsa, idan fitila ta kama a gaban direba sai ya shiga canke, ya canza wannan ya canza wancan da kuɗin mai mota, ƙarshe ya yanke wayar fitilar a huta. Daga nan sai a ce samfurin ne ba shi da kyau. Idan ba a tashi tsaye ba, nan gaba kaɗan za mu wayi gari da motoci cike da gari babu mai iya taɓa su, dubban matasan da ke cin abinci a gareji kuma su rasa sana'a.

Saboda haka muna kira ga hukumomi da abubuwa kamar haka. Na farko, a sa ido a kan abin da ke shigowa. A watan Fabrairu na 2020 ministocin ƙasashen CEDEAO sun amince a Wagadugu cewa kada ƙaramar motar da za a shigo da ita ta wuce shekara 5, babba kuma shekara 10. Kodibuwa ta riga ta kafa irin wannan doka tun 2018, Kenya kuwa shekara 8 ta yanke, tare da sharaɗin a binciki motar tun kafin ta hau jirgi. Ƙasarmu ta fice daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, amma matsalar ba ta fice tare da mu ba. Mun san iyakar shekara 5 ta fi ƙarfin aljihun akasarin jama'armu, kuma dokar da ba za a iya bi ba ƙofar cin hanci kawai take buɗewa. Abin da muke gani ya fi dacewa shi ne a tsayar da iyaka mai sauƙi wadda za a riƙa ragewa sannu a hankali, a kuma wajabta takardar bincike daga ƙasar da motar ta fito, kafin ƴan duwan su karɓi ko dala. Tunda Nijar da Mali da Burkina Faso duk ba su da teku, kuma tashoshi kusan ɗaya suke amfani da su, ƙawancen AES wuri ne da ya dace a yi wannan doka da murya ɗaya.

Na biyu, binciken lafiyar mota ya zama bincike na gaskiya, a ga motar da ido, a gwada birki da fitilu da tayoyi, musamman motocin haya, kada ya tsaya a takardar da ake kai wa mutum har gida. Hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER da jandarmomi da ƙungiyoyin direbobi su haɗa kai a kan lodi tun daga cikin tasha, domin a nan ake ɗora kayan, ba a daji ba. Na uku, a shiga kasuwar kayan gyara, a fara da waɗanda rai ya rataya a kansu. Na huɗu, cibiyoyin koyon sana'a da ke cikin garuruwanmu su buɗe darussan yamma ga masu gareji da yaransu, cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a koya musu aiki da na'urar binciken kwamfuta, a kuma sauƙaƙa musu harajin shigo da ita.

Ga mai niyyar sayen mota kuma, shawararmu ita ce ya ci gaba da sauraren direbobi da dattawa, domin sun san hanya, amma ya sauya tambayarsa. Kafin ya tambayi sunanta, ya tambayi shekarar da aka ƙera ta da ƙasar da ta fito. Ya tafi da bakanikensa na amana, wanda ba shi da kamasho a wurin dillali, a ɗaga motar a leƙa cikinta, a tuƙa ta har inji ya yi zafi. Akasarin motoci suna da lambar asali mai harufa da alƙaluma 17, kuma waɗanda suka fito daga Amurka ana iya bin sawun tarihinsu da wannan lamba ta intanet, ko yaron gida mai waya zai iya taimakawa. Ya zagaya shagunan garinsu, ba na babban birni ba, ya ji ko akwai kayanta. Sa'annan kada ya zuba duk abin da ya mallaka a kan saye, ya rage na juye da taya da birki. Tsohuwar mota mai ƙaramin suna da aka riƙe da kyau ta fi mai babban suna da aka wahalar.

Mota a ƙasarmu ba abin ado ba ce ga mafi yawan masu ita. Wani garken shanunsa ya sayar, wani kuɗin sallamarsa daga aiki ne, wani guminsa ne na shekara goma a ci-rani, wata kuma adashen mata ne aka haɗa aka saya wa ɗa don ya riƙe gida. Ita ce ke kai mai naƙuda asibiti da dare, ita ke kai albasar Galmi kasuwa. Dukiya irin wannan ta fi ƙarfin a miƙa ta ga tambari da jita-jitar tasha. Muna fata gardamar za ta ci gaba a rumfuna da gidajen rediyo, amma a shigar da shekaru da gyara da lodi a cikinta, hukuma kuma ta yi nata aikin. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.